Birki da Tawakkali: Iyakar Alhakin Mutum a Gaban Ƙaddara

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna taƙaddama a kansu, kaɗan ne suke shiga rayuwar yau da kullum kamar tambayar ƙaddara da alhaki, domin duk lokacin da mummunan abu ya auku sai mutane sun so su san ko rubutacce ne wanda babu makawa, ko kuwa da hannun wani a ciki. A Kudancin Kaduna, musamman a garuruwan da ke kewaye da Kafanchan irin su Madakiya da Kagoro da Zonkwa, wannan tambaya ta fi fitowa fili a kan hanya, inda keke da babur suke ɗauke da kaso mai yawa na zirga-zirgar jama'a tsakanin gona da kasuwa da makaranta da wurin ibada. Idan aka yi haɗari aka ce birki ne ya tsinke, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin Kirista da Musulmi ita ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko kuma a ce kwana ne ya ƙare. Wannan magana tana da gurbinta wajen sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, amma akwai buƙatar a duba ko ta isa ta wanke wanda ya san birkinsa ya cinye ya kuma hau hanya. Hujjar da za a kafa a nan ita ce, a koyarwar addinan biyu da mutanen wannan yanki suke bi, dogaro ga Allah yana tabbata ne bayan mutum ya cika abin da aka ɗora masa, kuma kula da birki da ƙoƙarin kyautata shi suna cikin abin da aka ɗora masa ɗin.

Wasan da birki ne ginshiƙinsa

Hanya mafi sauƙi ta gane darajar birki ita ce a dubi mutanen da gwanintarsu kacokan ta rataya a kansa, wato masu wasan keken da ake kira tirayal, wanda ma'anarsa gwajin ƙwarewa. Wasan ya samo asali daga gasar babura a kan duwatsu da kwazazzabai a Birtaniya, inda aka fara shahararriyar gasar kwana shida ta Sikotland a 1909, sannan a shekarun 1970 aka mayar da shi kan keke a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, inda Pere Pi, wanda yake aiki da kamfanin babura na Montesa, ya tsara ƙaramin keke domin ɗansa Ot Pi, wanda daga baya ya zama zakaran duniya sau da dama. A wannan wasa ba a tambayar wanda ya riga wani isa. Abin da ake aunawa shi ne iya ratsa fili mai cike da duwatsu da gungumen itace da katangu ba tare da mahayi ya sa ƙafa a ƙasa ba, kuma a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, kowace sa ƙafa maki ɗaya ne na hukunci, har zuwa biyar, wanda shi ne faɗuwa a wannan sashe. Kekunan gasar galibi ba su da sirdi, giyarsu ɗaya ce, kuma faɗin wilinsu inci 20 ne ko 26. Jama'a da yawa a duniya sun san wasan ne ta bidiyon da Danny MacAskill, ɗan tsibirin Skye na Sikotland, ya fitar a 2009, inda aka nuna shi yana hawa shingayen ƙarfe da rufin gine-gine a birnin Edinbura.

Mai kallo yakan ɗauka cewa abin da yake gani ganganci ne tsantsa, amma wanda ya san wasan ya san cewa yawancinsa tsayawa ce. Mahayi yakan ɗaga wilin gaba ya tsaya a kan na baya kaɗai, ya yi tsalle zuwa gefen dutse, kuma a daidai lokacin da tayar ta taɓa gefen dutsen dole ne birki ya kulle wilin nan take, ya kuma riƙe shi kada nauyin mahayi ya juya shi baya. Saboda haka masu wasan suna rarrabe siffofi biyu a robar birki, wato ɗan guntun da yake matse ƙarfen wili: ta farko ita ce cizo, ma'ana saurin kamawa da zarar an taɓa hannun birki, ta biyu kuma riƙo, ma'ana ƙarfin hana wili motsi bayan ya kama. Domin samun waɗannan siffofi da yawansu suna amfani da birki mai aiki da matsin ruwa ko mai a cikin siririn bututu, irin wanda kamfanin Magura na Jamus ya yi suna da shi, suna kuma kankare gefen wili da injin gurza ƙarfe domin ya yi kaushi, wasu ma sukan shafa ɗan kwalta a kansa. Ita robar ana zuba ta ne daga nau'o'in roba masu bambancin tauri, kuma kowane zaɓi yana da ribarsa da asararsa: mai laushi tana kama wili mai santsi da kyau amma tana saurin cinyewa a kan wanda aka kankare, mai tauri kuma tana daɗewa amma tana iya zamewa idan ruwa ya jiƙa wili mai santsi. Wannan ne ya sa kyautata robar birki ya zama sana'ar gwaji da haƙuri, wadda mahaya da kansu suke shiga, suna haɗa sinadarai suna gwadawa suna sakewa.

Darasin da falsafa za ta ɗauka daga nan shi ne cewa ƙarfin hali na gaskiya ana gina shi ne a kan shiri. Aristotal, masanin falsafar Girka na ƙarni na huɗu kafin haihuwar Almasihu, ya bayyana jarumta a matsayin tsakiya tsakanin tsoro da ganganci, kuma mai wasan tirayal misali ne na wannan, domin ba ya yin tsallen da ya fi tsoratar da mai kallo sai bayan ya tabbatar da abin da zai tsayar da shi.

Halin hanya a ƙasar Madakiya

Madakiya gari ne na Bajju a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, kusa da Kafanchan, kuma a gefensa ne ruwan Matsirga yake zubowa daga kan dutse, abin da yake nuna yanayin ƙasar baki ɗaya, wato ƙasa ce ta tuddai da gangare da rafuka, wadda duwatsun Kagoro suke tsaye a gabashinta, daminarta kuma tana kamawa tun wajen watan Afrilu har zuwa Oktoba. Manomin da ya ɗora buhun citta ko masara ko doya a bayan keke ya biyo ƴar hanyar gona mai zaizaya, da ɗan acaɓan da ya ɗauko fasinja biyu da kayansu ya nufo gangare bayan an ɗauke ruwa, suna fuskantar irin matsalar da mai wasan tirayal yake fuskanta, sai dai su ba wasa suke yi ba, kuma a bayansu akwai rayukan waɗanda ba su da ta cewa a kan yanayin birkin.

Ilimin kimiyya ya bayyana abin da yake faruwa dalla-dalla. Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu zuwa zafi ta hanyar gogayya, kuma ƙarfin gudun yana ninkuwa sau huɗu idan saurin ya ninku sau biyu, saboda haka tazarar da babur yake buƙata kafin ya tsaya a gudun kilomita 60 a awa ta kai ninki huɗu na wadda yake buƙata a gudun kilomita 30. Ƙarin nauyi yana ƙara zafin da birki zai shanye, kuma a doguwar gangara zafin yakan taru har takalmin birki, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai shimfiɗar gogayya da ke cikin cibiyar wilin babur, ya daina kamawa yadda ya kamata, abin da direbobin manyan motoci suka sani sarai a Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos. Ruwa yana rage kamun roba a kan wilin ƙarfe ƙwarai, mai ko giris da ya zubo a kan takalmin birki yana kashe shi, waya ko sandar birki tana saki da tsatsa a hankali. Galibin waɗannan ba sa zuwa ba tare da alama ba: hannun birki yakan yi nisa kafin ya kama, ƙarfe yakan fara kukan gogar ƙarfe, tsayawa takan ƙara tsawo kullum. Abin da ake kira tsinkewar birki farat ɗaya, a mafi yawan lokuta, ƙarshen wata doguwar sanarwa ce da aka yi biris da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutane kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

Abin da addinan biyu suka koyar

A Musulunci, tawakkali shi ne dogaron zuciya ga Allah, sababi kuma shi ne hanyar da Allah ya tsara abubuwa suke faruwa ta cikinta, kuma malamai ba su ɗauki ɗaya a matsayin kishiyar ɗaya ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya umarci mutumin da ya tambaye shi game da raƙumarsa da ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Wajen shekara ta 639 Miladiyya, lokacin da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya ji labarin annoba a ƙasar Sham yana kan hanyar zuwa can, ya yanke shawarar komawa Madina, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar yadda makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa bai fita daga hukuncin Allah ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba sababai kashi uku a littafinsa Ihya'u Ulumiddin: tabbatattu, da waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, da waɗanda wahami ne kawai, ya kuma bayyana cewa barin tabbataccen sababi ba ya cikin tawakkali ko kaɗan. Birki mai kamawa a kan gangare yana cikin kashi na farko, domin dangantakarsa da tsayawa ba ta buƙatar hasashe.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa a 1932 kuma har yau da Hausa ake karanta shi a majami'u da dama na wannan yanki, yana ɗauke da koyarwa mai kama da wannan. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da ƴar katanga domin kada alhakin jini ya hau gidansa idan wani ya faɗo, wanda yake nuna cewa rashin yin rigakafi laifi ne ko da mai gidan bai tura kowa ba. A Matiyu sura 4, lokacin da Shaiɗan ya nemi Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali bisa hujjar cewa mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, ya bayyana wannan a matsayin gwada Allah. A Ayyukan Manzanni sura 27 kuma, Bulus, wanda aka riga aka yi masa alkawarin cewa babu wanda zai mutu a jirgin ruwan da guguwa ta kama, shi ne kuma ya gargaɗi sojoji cewa idan matuƙan suka gudu babu wanda zai tsira, ma'ana alkawarin Allah ya haɗa da hanyar cikarsa. Wanda ya yi addu'ar neman tsari da safe ya hau babur da ya san ba ya tsayawa ya fi kusa da mai dirowa daga Haikali fiye da mai bangaskiya.

Dokokin addinan biyu sun wuce nasiha sun kai ga ɗora lamuni, wato wajabcin biyan ɓarnar da aka jawo. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗaliban fiƙihun Malikiyya suke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta alhakin abin da ta taka. A Littafi Mai Tsarki kuma, Fitowa sura 21 ta bambanta tsakanin bijimin da ya soki mutum ba zato da bijimin da aka san halinsa aka kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, ta tsananta hukunci a kan na biyun. Ma'aunin a wurare biyun ɗaya ne: sani da iko. Gwargwadon abin da mutum ya sani da abin da yake iya yi, gwargwadon alhakinsa.

Hujjar talauci da amsarta

Akwai ƙalubale mai nauyi da ya kamata a saurara da adalci. Ɗan acaɓa da yawa ba shi ne mai babur ba, akwai balas da zai kai wa mai shi kullum, ga kuɗin mai, ga iyali, kuma idan ya je shagon kayan gyara yakan tarar da takalmin birki iri biyu ko uku a kwali mai kama da juna, ya ɗauki mai araha ba tare da yana da hanyar gane na gaske daga jabu ba. Mai wasan tirayal a Turai yana da zaɓi da sukunin da wannan matashi ba shi da su, saboda haka ɗora masa laifin duka zalunci ne.

Wannan hujja gaskiya ce, sai dai abin da take tabbatarwa shi ne alhakin yana rarrabuwa a kan mutane da yawa, ba wai yana gushewa ya koma kan ƙaddara ba. Mai babur da yake karɓar balas ya ƙi fitar da kuɗin gyara yana da rabonsa, makanikin da ya ɗaure waya ya ce a lallaɓa alhali ya ga takalmin ya ƙare yana da nasa, haka mai shagon da ya san jabu ne ya sayar a matsayin na gaske, da ɗan kasuwar da ya shigo da shi, da jami'in da aka ɗora wa sa ido, domin an kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya tun 1971 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 saboda irin wannan aiki. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus, Karin Magana sura 11 kuma ta kira ma'aunin ha'inci abin ƙyama ga Ubangiji. Algus a birki ya fi algus a hatsi muni, domin mai saye ba ya gano shi sai a lokacin da ganowar ba ta da sauran amfani.

Kyautata birki a matsayin riƙon amana

Daga nan ne ake gane matsayin masu ƙoƙarin samar da birki mafi inganci. Herbert Frood ya kafa kamfanin Ferodo a Ingila a 1897 domin ƙera shimfiɗar birki, kuma shekaru da dama masana'antar ta dogara ga asbestas, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi, har aka tabbatar cewa ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu, Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005. Wannan tarihi yana nuna cewa amanar maƙerin birki ta haɗa da lafiyar makanikin da yake hura ƙurar cibiyar wili da bakinsa. A Najeriya masu bincike a jami'o'i, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Benin, sun gwada maye gurbin asbestas da ɓawon ƙwarar manja da tuƙar rake da ɓawon ayaba, suna niƙa su suna haɗawa da danƙon roba suna auna ƙarfin kamu da saurin cinyewa. Aiki ne da ba ya jawo suna, kuma wanda ya tsira saboda shi ba zai taɓa sanin wanda zai gode wa ba, wanda hakan ne ya sa ya dace da abin da Musulunci yake kira ihsani, wato kyautata aiki da sanin cewa Allah yana gani, da abin da Bulus ya koya wa Kolosiyawa na yin aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji ake yi wa.

Kafanchan, wadda ta bunƙasa a matsayin mahaɗar layin dogo tun 1927, tana da dalilin fahimtar wani misali daga tarihin jirgin ƙasa. A ranar 12 ga Yuni 1889, a Armagh da ke tsibirin Ayalan, taragun jirgin da ya ɗauko yaran makarantar Lahadi da iyayensu suka gangaro da baya bayan an raba su da kan jirgin a kan tudu, suka yi karo da wani jirgin, mutum 80 suka mutu. Al'ummar ta yi makoki da addu'a, kuma a cikin shekarar majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta kai ga tilasta wa jiragen fasinja amfani da birkin da yake kamawa da kansa idan bututunsa ya tsinke. Imanin mutanen bai hana su tambayar abin da ya jawo ba, kuma tambayar ce ta ceci waɗanda suka zo bayansu.

Kammalawa

Ƙaddara tana nan a matsayinta, domin mutum yana iya cika duk abin da ke kansa kuma ajali ya same shi, kuma a wannan hali babu abin da ya fi sallamawa ga Allah dacewa. Malamai irin su Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, sun bayyana cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta sauka, amma ba a kafa ta domin kare laifi, kuma wannan rarrabewa ita ce mabuɗin matsalar gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne masu wa'azi a majami'u da masallatan Madakiya da Kafanchan da kewaye su sanya duba birki cikin abin da suke kira haƙƙin maƙwabci, ƙungiyoyin ƴan acaɓa su mayar da shi sharaɗin shiga layi, masu babura su ɗauki kuɗin gyara a matsayin bashin da ke wuyansu, dangin mamaci kuma su san cewa tambayar dalilin haɗari bayan ta'aziyya ba ta rage musu imani da komai. Ran fasinja amana ce a hannun mahayi, kuma addinan biyu sun yi ittifaƙi cewa za a tambayi kowane mai riƙon amana game da abin da ya sani da abin da ya yi da saninsa.